Shukar Murjani a Limawa

Alhaji Falalu bai taɓa tsoma ko ɗan yatsa a cikin teku ba. Ta tagar mota ya hango ta a hanyar Jidda, shekarar da ya sauke farali, kuma ko a lokacin gyangyaɗi yake yi. Amma tun da ya dawo Dutse, ba ka isa ka ambaci ruwa a gabansa ba, ko da na alwala ne, sai ya gyara zaman hula ya ce, "Ai mu da muka san teku..."

Tsohon direban gwamnati ne, cikin ma'aikatan da aka kwaso daga Kano lokacin da aka yanke Jigawa. Da ya yi ritaya sai ya kafa majalisa a dakalin ƙofar gidansa a Limawa, ya zama shi ne mai labari, sauran masu sauraro.

Abin da ya gani da idonsa a Jidda, wannan kam gaskiya ne, wani akwatin gilashi ne a shagon sayar da agogo, inda ya shiga gudun rana suna jiran jirgi. Akwatin ya fi mutum tsawo, cike da ruwa garau, an jera duwatsu a ciki tun daga ƙasa har sama, kifaye masu launi suna kai da komo, ga wasu jajayen rassa sun fito daga jikin duwatsun. Wani Bahaushe da ke share shagon ya ce masa rassan nan murjani ne, rai gare shi, a ruwan gishiri yake girma.

"Murjani? Irin na wuyan mata?"

"Shi fa, Alhaji."

Shekara uku maganar nan tana cinsa a rai. Sai ga dama ta zo da ƙafarta. 'Yarsu Munira ta haifi tagwaye a Ringim, matarsa Talatu ta haɗa kaya za ta je ta zauna mata har a yi arba'in. Da za ta fita ta miƙa masa makullin adakarta.

"Alhaji, riƙe min wannan, kar ya faɗi a mota. Murjanin Inna yana ciki. In an kusa arba'in zan zo in ɗauka, Munira zan ɗaura wa. Don Allah ko buɗewa kar a yi."

Murjanin nan ƙwaya ashirin da ɗaya ne, ta tsakiyar ta kai girman dabino. Kakar Talatu ta ba uwarta, uwarta ta ɗaura mata da hannunta. Uwar ta rasu ba ta bar ko hoto ba, wannan kaɗai Talatu take da shi nata.

"Haba Talatu," in ji Alhaji. "Ni? Mutumin da aka ba amanar motar gwamnati shekara ashirin da shida?"

Motar da ta ɗauke ta ba ta gama fita gari ba ya buɗe adaka.

A yi masa adalci, ba cuta ya nufa ba. Lissafinsa na manomi ne: ƙwayar gero guda ake bisnewa a sami zangarniya. To ƙwaya ashirin da ɗaya fa, cikin kwana arba'in? Munira ta sami nata, Talatu ma ba ta zauna wuyanta ba ado ba, a kuma san cewa a Limawa akwai mutum.

Da yamma ya sanar da majalisa. "Teku zan kawo unguwar nan."

Ɗanmusa mai faci, taubashinsa, wanda Allah ya yi wa baki kuma al'ada ta ba shi lasisin amfani da shi a kan Alhaji, ya ɗago kai. "A jarka za a kawo ta, ko a buhu?"

"Kai da iyakar tafiyarka Wudil, me zan faɗa maka?"

"A Wudil ɗin ai na shiga kogi har wuya. Kai a Jidda ina ka shiga?"

"Shiga ta ƙananan mutane ce. Mu nazari muka yi."

Washegari ya tafi wurin Ɗan'inna mai walda da gilasan wani tsohon kanti da aka rushe. Ɗan'inna ya tambayi tsawo.

"Na Jidda ya fi ni da kamu guda. Ƙara wa namu wani kamun, kar a ce kwaikwayo muka yi."

"Alhaji, in ya yi tsawo haka gilashin ba zai ishi faɗi ba."

"Wa yake kallon faɗi? Tsawo shi ne kwarjini."

Haka akwatin ya fito, dogo siriri, an liƙe gaɓoɓinsa da kwalta. Ƙarti shida suka ɗauko shi. A ƙofar zaure aka gwada shi a tsaye, aka gwada a kwance, aka gwada a karkace, ya ce sam. Alhaji ya dubi ƙofar, ya dubi akwatin, ya ce da ma bai yi niyyar ɓoye wa jama'a alheri ba. Aka ɗora shi a kan dakali. Dakalin nan na ƙasa ne, shafen siminti kawai aka yi masa a sama. Majalisa ta koma tabarma a ƙasa tana gunaguni.

Duwatsu kuwa ba a nemansu a Dutse. Aka kwaso amalanke biyu daga bayan unguwa. Da yake hannu ba ya kai gindin akwatin, Alhaji ya ari tsani, ya tuɓe babbar riga, ya hau, ya dira ciki da 'yar shara da hula. Ɗanmusa ya miƙa masa duwatsun ɗaya bayan ɗaya ya koma wurin sana'arsa. Alhaji ya jera su sama-sama har kafaɗarsa. Sannan ya waiga, ya ciro murjanin daga aljihu, ya tsinke zaren da haƙori. Ya bi ramukan duwatsu yana cusa ƙwaya ɗai-ɗai, yana barin tazara tsakaninsu kamar shukar gero, don kowacce ta sami wurin yin reshe. Babbar ya sa ta can ƙasa, tunda ita ce uwar gayya.

Yana cikin wannan aiki mai tsanin ya zo ya ɗauke abinsa, don rufin ɗakinsa yake gyarawa.

Alhaji ya miƙe ya ga ba hanya. Ya yi tsalle, yatsunsa ba su kai baki ba. Ya taka dutse, dutsen ya motsa, ya tuna abin da ke ƙarƙashi ya sauke ƙafa. Ya ɗaga murya, murya ta tsaya a ciki tana dawo masa. Rana ta take. Mata masu zuwa niƙa suka tsaya, 'yan acaɓa suka kashe babura, mai rake ya sauke kayansa ya fara ciniki. Tun hantsi har aka kira azahar Alhaji Falalu yana tsaye cikin gilashi yana zuba gumi, rabin Limawa na kallonsa.

Ɗanmusa ya iso yana share hannu da tsumma. Ya zagaya akwatin sau biyu, ya ƙwanƙwasa gilashin da farce.

"Ikon Allah. Kifi da hula. Alhaji, irinku me ake zuba muku, dusa ko tsaki?"

Da aka zaro shi da igiyar guga, ya sha ruwa moɗa uku kafin ya iya magana. "Gwaji na yi," ya ce. "Ba zan sa kifi inda ban zauna da kaina ba. Kuma ku sani, an yi shuka. Murjani ne a ciki."

"Murjanin wa?" in ji Ɗanmusa.

"Na gida."

"Ita Yaya Talatu ta sani?"

"Za ta sani ran girbi."

Ɗanmusa ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya fasa. "Alhaji, wannan fa ba wasa ba ne."

"Da ma wa ya ce maka wasa nake yi?"

Aka kira masu ruwa, suka yi ta ɗurawa har akwatin ya cika. Saura gishiri. Aka juye na gida, aka kwashe na mai tebur, Alhaji ya hau tsani da ludayi ya ɗanɗana ya ce da saura. Ma'auni dai harshensa ne, tunda shi kaɗai ya san teku. Ana haka sai ga Modibbo, wani dattijon makiyayi da kullum da yamma yake koro shanunsa ta ƙofar gidan zuwa rugarsa a bayan duwatsu. Alhaji ya tare shi, ya roƙi irin kantun gishirin da yake ba shanu. Modibbo mutum ne mai kawaici, washegari ya kawo uku.

Aka daka aka zuba. Alhaji ya ɗanɗana, da saura. Aka ƙara. Da aka zuba na ukun ya kurɓa, fuskarsa ta tattare wuri guda, hawaye ya zubo masa. Ya daɗe kafin ya buɗe ido.

"Yauwa. Jidda ke nan."

Modibbo ya jingina da sandarsa. "Alhaji, abu guda zan faɗa. Gishirin nan dabba tana jin ƙanshinsa tun daga nesa. Kar ka bari ya taɓa ƙasa."

"Modibbo, kai ka san nagge, ni na san teku. Kowa ya tsaya a nasa."

"To, Allah ya ba da sa'a."

Ran kasuwar Shuwarin ya sayo tarwaɗa shida masu rai. Aka sake su da bismillah bayan azahar. Kafin la'asar duk sun juya ciki sama.

"Kifin ƙauye ne," in ji Alhaji. "Bai saba da wayewa ba. Laifina ne da na haɗa shi da abin da ya fi ƙarfinsa."

Ya kwana yana tunani, da safe ya fito da fara'a. Kifin ƙanƙara da ake sayarwa a cikin gari, daga ina ake kawo shi? Daga teku. To me ya same shi in ba sanyi ba? Ya sayo kwali guda, ya jefa su ciki suna sandare.

"Alhaji, waɗannan fa sun daɗe da rasuwa," in ji Ɗanmusa.

"Suma suka yi. Bari su ji ruwan garinsu."

"In sun farfaɗo ka tambaye su ko sun gan ka a Jidda."

Don a taimaka musu da numfashi, Alhaji ya karɓi famfon hura taya na Ɗanmusa, ya zura tiyo cikin ruwan, ya raba wa 'yan majalisa aikin bugawa bi da bi. Cikin kwana biyu mutum huɗu suka kamu da ciwon baya, biyu suka tuna suna da 'yan uwa marasa lafiya a Jahun. Kifayen kuwa a rana ta uku suka ba da amsa, amma ta hanci. Magunan unguwa suka yi layi a kan katanga. Liman ya aiko a faɗa wa Alhaji, cikin ladabi, cewa sahun baya ba sa iya tsayuwa. Dole ya ɗauko rariyar Talatu ta tankaɗe, ya ɗaure ta a kan gora, ya tsame su ɗaya bayan ɗaya yana kau da kai.

"Da ma ba kifi ne manufa ba," ya ce. "Murjani ne."

Sai dai mako biyu ya wuce murjani bai ce uffan ba. Kullum Alhaji yana manna fuska a gilashi, jajayen ƙwayoyin suna nan yadda ya ajiye su. Nan jinin noma ya motsa. Shukar da ta ƙi tashi me take so? Ya ɗebo takin zamani ludayi biyu ya watsa. Cikin kwana huɗu ruwan ya koma kore shar, ko dutsen ba a gani, balle murjani.

Alhaji ya yi hamdala. "Ganye ya fara fita. Yanzu sai a bar shi ya yi aikinsa ba ido."

Ya lulluɓe akwatin da tamfol har ƙasa, ya sa ranar buɗe teku: Juma'a ta sama, bayan la'asar, kwana huɗu kafin ranar da Talatu ta ce za ta zo. A ƙarƙashin tamfol kuwa kwalta ta fara saki. Ruwa yana tsatsafowa a hankali, yana ratsa dakali, yana bushewa ya bar farin gishiri. Awakin unguwa suka gano. Kullum sai ka ga gindinsu a waje, kawunansu a cikin tamfol.

"Ka gani ko?" in ji Alhaji. "Har dabba ta san abin kallo."

"Ni dai na ga dakalinka yana ramewa," in ji Ɗanmusa.

"Hassada ce take sa ka ganin haka."

Ranar Juma'a aka jera benci. Mai unguwa ya zo, liman ya zo, mata suka cika soron maƙwabta suna leƙe, aka dama zoɓo a babbar roba. Alhaji ya fito cikin babbar riga fara ƙal da makawiya a kafaɗa. Ya fara jawabi tun daga ranar da ya hau jirgi a Kano. Ya kai Jidda ke nan wata motar haya ta tsaya a bakin layi, Talatu ta sauko da ƙullin kayanta. An matso da ranar bikin arba'in ɗin Munira ne, ta ce bari ta zo da wuri ta ɗauki murjanin. Ta ga taro a ƙofar gidanta, ta ɗauka rasuwa aka yi. Da ta ga zoɓo sai ta tsaya cikin mata.

Alhaji ya hango ta. Ya so ya fasa. Amma mai unguwa na kallonsa, ba wurin ja da baya. Ya kama tamfol ya fizge.

Jama'a suka zuba ido. Wani dogon abu ne kore, yana wari, gindinsa na ɗiga.

"Ina tekun?" in ji mai unguwa.

"Ita ce wannan, ranka ya daɗe. A cikin nan na shuka murjani ƙwaya ashirin da ɗaya, yau kwana talatin da biyu. Abin da za a girba..."

Ƙullin kayan Talatu ya faɗi ƙasa.

Daidai nan shanun Modibbo suka kunno kai. Shekara da shekaru suna wucewa ta layin nan ba su taɓa kallon kowa ba. Yau an yaye tamfol, ga dakali fari fat da gishirinsu. Ta gaba ta ɗaga hanci, ta karkata. Sauran suka bi ta. Modibbo ya yi kira, ya ɗaga sanda, ina! Benci suka kife, robar zoɓo ta tuntsure, mai unguwa ya haye amalanke da rawaninsa a hannu. Harsuna fiye da goma suka sauka a kan dakalin da awaki suka riga suka rarake. Wata farar saniya mai karyayyen ƙaho ta cusa kai ƙarƙashin kusurwa, inda gishirin ya fi kauri, ta ɗaga.

Akwatin ya fara sunkuyowa a hankali.

"A riƙe teku!" in ji Alhaji. "Jama'a, a riƙe teku!"

Shi kaɗai ya riƙe. Ya rungume ta da hannu biyu, ta amayo masa ruwan daga sama, ya zame ya zauna daɓas, ita kuma ta wuce ta gefensa ta tarwatse a tsakiyar layi. Koren ruwa ya kwashi takalman liman ya yi kwata da su. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo. Da aka tabbatar da haka sai dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki, Ɗanmusa kuwa kwanciya ya yi.

Talatu ta ratso taron. Ta tattare zaninta, ta durƙusa cikin caɓi da fasasshen gilashi, ta fara laluben ƙasa da hannu. Ta tsinci ɗaya, ta goge a gefen mayafi. Ta tsinci ta biyu. Dariyar ta yi ta raguwa har ta mutu. Mata suka fito suka durƙusa tare da ita, ana juya duwatsu, ana miƙa mata. Ta ƙirga a tafin hannu, ta sake ƙirgawa. Ashirin. Babbar ta tsakiya ba ta.

Modibbo ya yi gyaran murya. "Na ga farar nan ta lashe wani jan abu tare da gishirin. Ba ta da laifi, ba ta san na mutane ba ne."

"Zai fito?" in ji Talatu.

"Wani sa'in yakan fito. Wani sa'in yakan zauna a ciki har ƙarshen ranta."

Talatu ta miƙe. Ta je inda gorar nan take jingine, ta kwance rariyarta, ta zo ta tsaya a kan Alhaji, wanda har yanzu yake zaune cikin ruwa da gansakuka a gemu. Ya shirya jin faɗa, ya ma tanadi amsa. Sai ta miƙa masa rariyar kawai, idonta ya cika.

"Alhaji, na Inna ne."

Kunya ta kama shi ta gaske, irin wadda ba ta da alaƙa da 'yan kallo. Ya karɓi rariyar.

Kwana uku duk wanda ya bi ta bayan duwatsun Limawa zai ga garken Modibbo yana kiwo, a bayan farar saniya kuma ga wani dattijo da rariya da buta, idonsa a kan wutsiya. In ta tsaya ya tsaya. In ta ɗaga wutsiya ya yi bismillah ya matso. Modibbo, saboda kawaici, sai ya riƙa kallon wani wajen. Ɗanmusa ne ya kasa haƙuri, ya biyo su a keke rana ta biyu.

"Sannu da nutso, Alhaji. Yau tekun ta ba da wani abu?"

Alhaji bai ko ɗago ba. Ɗanmusa ya jingine keken, ya karɓi butar yana zuba masa ruwa.

Rana ta uku da hantsi wani jan abu ya tsaya a cikin rariya. Alhaji ya wanke shi da ƙasa, ya wanke da sabulu, ya sake wankewa har ruwan butar ya ƙare. Sannan ya taho gida da sauri, ba hula, wuya ya ƙone da rana, hannu a sama. Kafin ya kai layinsu mutane sun biyo shi, kuma da ya ji taron a bayansa sai tsohon halin ya fara dawowa.

Talatu ta fito bakin zaure. Ya sa mata a tafin hannu. Ta juya ƙwayar, ta ga 'yar tsagar da ta sani tun tana yarinya, ta dunƙule hannu ta kai ƙirji. Ta daɗe a haka.

Alhaji ya dubi jama'a, ya dube ta, ya yi gyaran murya.

"Talatu, duba da kyau. Wallahi kamar ya ƙara girma."

Kowa ya zuba mata ido. Ta dubi mijin nata, ƙafafu duk kashin shanu, leɓe ya tsage, rariyarta a hammata. Ta buɗe hannu ta sake kallon murjanin, wanda bai ƙaru da ko ƙwayar gero ba.

"Ya girma, Alhaji," ta ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji.

Alhaji ya juya ga Ɗanmusa, ƙirji a gaba. Sai ta matso kusa da kunnensa ta rage murya.

"In ka sake taɓa adakata, kai zan shuka."